Garin Ƙarfe: Inda Ido Bai San Kima Ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a garin ƙarfen da firintar 3D ke aiki da shi, ido ba ya sanin komai. Injin yakan shimfiɗa garin, hasken leza ya narka inda ake so, a sake shimfiɗa wani a kai, har abin da ake ƙerawa ya fito. Haka ake yin ƙugun titaniyom da ake dasa wa majinyata, da kan feshin mai na injin jirgin sama da kamfanin GE ke ƙerawa.

Ƙwayar garin yawanci tsakanin maikiron 15 zuwa 45 take, alhali kaurin silin gashi ya kai wajen 70. Don haka sai an auna. Ana tankaɗe shi a jerin rariyoyi, kowace ta fi ta samanta ƙananan huda. Ana kuma haska masa leza, yadda hasken ya warwatsu ya nuna girman ƙwayoyin. Siffarsu kuwa sai a madubin ƙara girma. Akwai kuma mazurarin Hall: a zuba giram 50, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya zurare ta hudar milimita 2.5.

Ƙwaya mulmulalliya kamar gero tana gangarowa ta kwanta sumul. Mai kusurwa kan cije, ta bar gurbi. Gurbin nan shi ke zama ɓoyayyen rami a cikin ƙarfe, daga nan tsagewa ke farawa. Garin da aka yi ta maimaita aiki da shi ma yakan sauya, dole a sake tankaɗe shi a auna.

Haɗarin bai tsaya kan kaya ba. Ƙwayar da ba ta kai maikiron 10 ba tana shiga huhu. Ƙurar alminiyom da titaniyom kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta fashe. A 2013 irin wannan gari ya fashe a wata masana'anta mai aiki da firintar 3D a garin Woburn na Amurka, ma'aikaci ya ƙone sosai.

Mai aiki da garin ya sa takunkumi mai tace ƙura da safar hannu, kada ya hure shi da iska. Idan garin ya kama wuta, ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ko abin kashe gobarar ƙarfe ake nema. Mai saye kuma ya nemi takardar awo kafin ya buɗe mazubin garin.