Aikin nutso da tukunyar iska: sai an koyi shuri da numfashi tukuna

Duk ɗan kasuwar da ke tashi daga Jugu ya bi ta Paraku ya zarce Malanbil bai manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ba, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, fatake suka koma ɗora hajarsu da rayukansu a cikin kwale-kwale domin tsallake kogin Kwara. Kuma wannan kogin ne dai a watan Mayun 2021 ya cinye wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 a kusa da Warra ta jihar Kebbi, da dama daga cikinsu 'yan kasuwa, kaɗan ne suka tsira.

Idan irin wannan ta faru, masunta da gwanayen iyo na ƙauye ne ke fara faɗawa ruwa, su riƙe numfashi na minti ɗaya ko biyu su fito. Allah ya saka masu da alheri, amma ƙirjin ɗan Adam yana da iyaka. Shi ya sa mu a nan Kolokonde muke goyon bayan matasanmu su koyi nutso irin na zamani da tukunyar iska a baya, wanda wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urarsa a 1943. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne tunanin cewa da zarar yaro ya iya iyo, ya kuma samu tukunya ta gwanjo, shi ke nan ya zama mai ceto. Abubuwa biyu ne ke kayar da sabon shiga, wato yadda zai tsaya cak a tsakiyar ruwa, da yadda zai yi shuri.

Mu fara da tsayuwa. Mai nutso yana ɗaura dalma a ƙugu domin ta ja shi ƙasa, sannan yana sanye da wata riga da ake hura wa iska domin ta ɗaga shi sama. Aikinsa shi ne ya daidaita biyun har ya zamana bai nutse ba, bai kuma taso ba. Kafin a sauka akan gwada nauyin dalmar: a fitar da iskar rigar duka, a riƙe numfashi irin na yau da kullum, idan ruwa ya tsaya masa daidai ido to nauyin ya yi. Yawancin sababbi sukan ɗebi dalma fiye da kima don tsoron kada su kasa sauka, sai ƙafafunsu su rinjaya ƙasa, su riƙa tafiya a karkace suna shan wahala, iskar tukunya ta ƙare da wuri.

Wahalar ita ce iska ba ta zama yadda aka bar ta. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na doron ƙasa sau biyu, saboda haka iskar da ke cikin riga takan tsuke ta koma rabi, mutum ya ƙara nauyi ya ci gaba da sauka. Idan ya juyo sama kuwa sai ta kumbura, in bai riƙa sakinta kaɗan-kaɗan ba ta yi sama da shi a guje. To haka abin yake a cikin huhu. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, huhunsa na iya fashewa ko da a ruwan da bai wuce mita biyu ba. A nan ne gwanin iyo na gargajiya ya fi kowa shiga haɗari, domin riƙe numfashin da ya saba da shi tun yana yaro shi ne abu na farko da za a hana shi. Ƙwararre kuwa da numfashin yake tuƙi: ya ja dogo ya ɗan ɗaga, ya saki ya ɗan sauka, sai dai ruwa ba ya amsawa nan take, akwai jinkirin daƙiƙa biyu ko uku da sai mai haƙuri ke jira.

Sai maganar ƙafa. Takalman nutso faffaɗa ne kamar ƙafar agwagwa, kuma kuskuren da aka fi yi da su shi ne lanƙwasa gwiwa ana juyawa kamar mai tuƙa keke, a gaji a banza ba a je ko'ina ba. Shurin farko da ake koyarwa daga ƙugu yake tasowa, ƙafa a miƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar almakashi, hannuwa kuma a naɗe. Wannan yana da kyau a teku inda ƙasan yashi ne.

Amma ruwanmu ba teku ba ne. Madatsar Okpara da ke shayar da Paraku, da tafkunan da ake shayar da shanu a ƙauyukanmu, ƙasansu laka ne zalla. Shuri ɗaya na almakashi kusa da ƙasa ya isa ya tayar da taɓon da zai rufe ido, ɗan abin da ake gani ya ɓace, wanda aka je nema ma a wuce shi. Saboda haka wanda zai yi aiki a nan dole ya ƙware a shurin kwaɗo: ya kwanta a miƙe, ya lanƙwasa gwiwa tafin ƙafa na sama, ya buɗe takalman ya haɗe su a baya kamar mai tafi, sannan ya dakata ya bar jiki ya sulala. Ruwan da ya tura baya yake tafiya, ba ya dukan laka. Daga nan ake koyon ja da baya da juyawa a wuri ɗaya, waɗanda ke da amfani idan an shiga tsakanin igiyoyi da buhunan jirgin da ya kife.

Fitowa ma da ƙa'idarta. Ba a wuce mita 9 zuwa 18 a minti ɗaya, kuma akan tsaya minti uku a zurfin mita 5 domin iskar naitirojin da ta shiga jini ta fita a hankali. Labarin Harrison Okene ya isa misali. Shi ne kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Nijeriya a watan Mayun 2013, ya yi kimanin awa 60 a zurfin mita 30 cikin wani lungu mai ɗan ragowar iska. Da masu nutso suka same shi ba su fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsi. A 2015 shi kansa ya samu takardar aikin nutso.

Ga masu niyyar ɗaukar nauyin wani yaro, ya kamata su sani cewa takardar farko ta ƙungiyar PADI iyakarta mita 18, bayan darussan ƙaramin ruwa da nutso huɗu tare da malami, kuma ba ta mayar da mutum mai ceto ba, wannan wani karatu ne a gaba. Ba a kuma shiga mutum ɗaya. Sannan wanda ya koya a ruwan gishiri, in ya dawo gida sai ya sake awon dalmarsa, domin ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar na teku. Babban mutum da kayansa yakan rage kilo biyu zuwa uku.