Ko Kun Sani? Izinin da Wayarku Ke Nema

Tun 2015 wayoyin Android suke neman izinin mai su kafin wata manhaja ta taɓa lambobinsa, hotunansa ko kyamararsa. A kasuwannin Dambatta da Bichi, manomi kan ba mai caji wayarsa ya tura masa manhajoji ta Xender. Don aiki ya yi sauri, sai a danna amincewa kan komai, wani lokaci har a kashe Play Protect, mai gadin da Google ya kafa a 2017. Da irin wannan izini manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobi suna tura wa dangin wanda ya ci bashi saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai musu samame a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana su taɓa lambobi da hotuna daga 31 ga Mayu 2023.

Wani zai ce mai cajin ɗan gari ne amintacce, data kuma da tsada. Gaskiya ne, amma ba shi ya rubuta manhajar ba, kuma wadda aka turo daga wayar wani tana iya kauce wa tantancewar shagon Google. Manhajar tocila ba ta da hurumi da lambobin surukanku, in ta nema ku hana ta.