Ka Duba Rotil Kafin Ka Ɗora Buhun Tattasai

Ga tattasai ya fara ja a garake, tun daga Geskeru har kewayen Difa. Ba da jimawa ba za a shanya, a ɗura a buhu, a nemi motar kasuwa. To, kafin nan akwai wani ɗan ƙarfe da muke so ka duba. Bai fi dunƙulen hannunka ba, amma idan ya saki, wahalar shekara guda tana iya zubewa a bakin hanya. Makanikanmu suna kiransa rotil, a hayin Najeriya kuma su ce bol-join.

Mene ne aikinsa?

Ka san yadda ƙashin cinyar sa yake da kai mulmulalle, yana juyawa cikin kwarmin ƙugu? Haka rotil yake. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwarmi, da giris, an rufe shi da hular roba. Shi ne ke haɗa ƙafar gaba da jikin mota, ya bar taya ta hau ta sauka, ta juya dama da hagu. Tsohuwar Peugeot 504 tana da ɗaya a ƙasan kowace ƙafar gaba. Hilux ta yanzu tana da biyu, sama da ƙasa, kuma na ƙasan ne ya fi shan nauyi.

Hanyoyinmu ba sa raga masa. Daga garka zuwa kwalta sai rairayi da ramuka. Idan Komadugu ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2019 da 2022, mota takan kutsa cikin ruwa da taɓo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da hular robar nan ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. Yawan lodi kuma ya ƙarasa shi.

Yadda za ka gane ya gaji

Sau da yawa rotil yakan yi gargaɗi kafin ya saki. Za ka ji ƙwas-ƙwas a gaba in ka faɗa rami. Sitiyari zai riƙa yawo a hannunka. Tayar gaba za ta cinye ta gefe guda. In ka ga haka, ka ɗaga motar. In Hilux ce, sa jak a ƙarƙashin hannun ƙarfe na ƙasa, don nauyi ya sauka daga kan rotil. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sa'an nan ka zura ƙarfe a ƙarƙashinta ka ɗaga. Yaron mota ya leƙa ya ga inda ke motsi. A sa wani ya taka burki: in motsin ya ɓace, boris ne, in yana nan, rotil ne.

Kada ka yarda a yi masa dabara. Waɗansu sukan bubbuge kwarmin da guduma, ko su cusa roba, ko su kai shi walda. Ƙarar za ta yi shiru, amma ƙarfen da ya ci ba ya dawowa. Ranar da ƙwallon ya fita daga kwarmi, taya za ta kwanta, sitiyari ya daina aiki, ga lodi, ga mutane a kan buhuna. Araha ba ta ado. Sayi sabo wanda ya dace da motarka, ka tafi da tsohon a gwada. In hali ya yi, ka sake na dama da na hagu tare, don hanya ɗaya suka sha.

Yadda ake sa sabo

Ko da makanike ne zai yi, ka tsaya a kansa ka ga an bi waɗannan:

1. A nemi ƙasa mai tauri, a sa wa tayoyin baya waigi. In rairayi ne, a shimfiɗa katako. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, sai an tokare ta.

2. A cire fil, a sassauta noti, amma a bar shi a bakin zare har rotil ya saki. In babu abin ɓamɓarewa, a bugi gefen ƙarfen da ya riƙe shi, ba kan zaren ba. Kan burki kuma a ɗaure shi da waya, kada ya yi lilo a jikin tiyonsa.

3. A goge ramin da wuyan rotil ke shiga, ya bushe sarai, ba yashi ba giris. In ramin ya buɗe har sabon yana rawa a ciki, wannan ƙarfen ma sai an sake shi.

4. Irin wanda ake dannawa ciki, a danna shi a miƙe da abin matsi, a mayar da zoben kulle. Guduma tana lalata sabo tun bai fara aiki ba.

5. A ɗaure noti da sifana mai awo, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. In ramin fil bai yi daidai ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan, kada a koma baya.

6. A sa sabon fil, a buɗe ƙafafunsa biyu. Ƙusa ko guntun waya ba fil ba ne.

7. In yana da bakin giris, a ɗura har hular ta ɗan kumbura, a tsaya.

Bayan an gama, kai motar Difa a daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye kafin a gama ɗaukar tattasai. Bayan tafiyar farko ka sake leƙawa ka ga noti da fil suna nan.

Kai kuma manomin da ba ka da mota, kana da bakin magana. Kayanka ne a kai, wani lokaci har da ɗanka. In ka ji gaban mota yana ƙara, ka gaya wa direba tun ba a ɗora buhun farko ba. Jinkirin yini guda a gareji ya fi kwana a daji da tattasai a warwatse.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a yi kasuwa mai albarka. Sai fitowa ta gaba.