Mota Mai Fetur Da Batir A Madadin Janareto

A Jimeta da Yola, inda zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, ɗaukewar wuta ba ƙaramar wahala ba ce, ga shi kuma fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Wanda yake da mota mai aiki da fetur da batir, irin Toyota Prius, yana iya jawo wuta daga jikinta ta hanyar inbata.

Janareto yana shan mai muddin yana kunne, ko da fanka ɗaya yake juyawa. Ita kuwa motar, injinta yakan tashi na 'yan mintoci ya ciyar da batir, sa'an nan ya mutu da kansa. In fitilu ne da fanka da talabijin, ana samun ragowar mai sosai. In kaya sun yi nauyi, injin ba ya hutawa, ribar ta ragu. Dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki sun fi ƙarfin ƙaramin inbata.

Ana gargaɗin jama'a kada su bar motar a kunne cikin rufaffen gareji, domin gubar da ke cikin hayaƙinta ba ta da wari, tana kuwa kisa. Kada kuma a haɗa ta da wayar gida sai an raba gidan da layin kamfani, don kada wuta ta koma ta kama ma'aikata.