Kaskar da ke cikin ramin ɓera: abin da ya sa gida ya fi gida haɗari

Gidaje biyu na iya haɗa katanga a unguwa guda, amma zazzaɓi ya yi ta kwantar da mutanen ɗayan, maƙwabtansu kuwa lafiya lau. Wani lokaci dalilin yana ƙarƙashin daɓen ɗaki.

A ƙauyen Dielmo na yankin Fatick a ƙasar Senegal, masu binciken cibiyar IRD ta Faransa sun bi lafiyar mazauna tun daga shekarar 1990. Sun gano cewa zazzaɓi da yawa da ake ɗora wa sauro, kaska ce ke kawo shi. Ba irin kaskar da makiyaya suka saba cirewa a jikin shanu ba ce. Wannan 'yar mitsitsiya ce mai laushin jiki, sunanta a kimiyyance Ornithodoros sonrai, kuma tana zaune ne a ramukan ɓeraye da jaɓa. Da dare take fitowa, ta sha jinin mai barci na 'yan mintoci ba tare da ya ji zafi ba, ta koma ramin. Gari ya waye babu kaskar da za a gani, shi ya sa ba wanda ke zarginta.

Ƙwayar cutar da take sakawa, Borrelia, tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa bayan 'yan kwanaki. Maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya taɓa ta, alhali maganin doxycycline da likita zai rubuta yana kashe ta.

Tun da kaskar ba ta nisa da raminta, haɗarin na bin ɗaki ne. Ɗakin da ke da daɓen ƙasa, da buhunan hatsi a jingine, da rami a gindin bango kusa da shimfiɗa, ba ɗaya yake da wanda aka yi wa siminti aka toshe ramukansa ba.

A birane kuma dabbobin gida ne ƙofar shigowa. A 2003, mutum 38 a Muritaniya, mafi yawansu a Nuwakshot, suka kamu da zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wanda kaskar dabbobi ke yaɗawa. Mai cutar ta farko ta kwanta ne bayan ta gyara naman akuya. Dabbar da ke ɗauke da cutar ba ta nuna alama. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a fesa wa dabba maganin kaska mako biyu kafin yanka, abin da ya shafi duk gidan da ke ɗaure ragon layya a tsakar gida.