Yadda Za Mu Kula da Kyanwa Mai Ciwon Fata

Jama'a, karatunmu na yau a kan kyanwa ne. Waɗansu su kan ce mage. A nan ƙasar Zamfara kuwa mu kan ce mussa. Namijinta shi ne muzuru.

Mu mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu manoma ne. Muna noman gero da dawa da masara da wake da gyaɗa. Da kaka mu kan zuba su a rumbu. To, babban abokin gāban rumbu shi ne ɓera. Ya ci, ya ɓarnatar, ya yi fitsari da kashi a kan saura. Har wa yau akwai wani irin ɓera mai ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gane wannan zazzaɓi a shekarar 1969, a garin Lassa na ƙasar Barno. Mutum ya kan kamu da shi in ya ci abincin da ɓera ya ɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida.

Ashe kyanwa ma'aikaciya ce, mai gadin rumbu ce. Ba ta karɓar albashi, sai ɗan abinci da wurin kwana. Amma in ba ta da lafiya, ba ta iya aiki. Wani ciwon nata kuma ya kan kama yaranmu. Saboda haka ya kamata mu san ciwon da maganinsa.

Yadda kyanwa mai lafiya ta ke

Gashinta ya kwanta luf, yana sheƙi. Idonta garau. Ta kan lashe jikinta kullum, wannan shi ne wankanta. Ta kan zubar da gashi kaɗan kaɗan, wani ya tsiro. Wannan ba ciwo ba ne.

Amma in mun ga fata a fili ba gashi, ko ɓawo, ko ƙuraje, ko tana ta susa dare da rana, to, akwai abin da ke damunta. Kada mu ce sammu ne ko jifa. Kowane ciwo da sanadinsa. Mu duba wurin da gashin ya zube, domin wurin ya kan nuna mana mafarin ciwon.

Na ɗaya: ƙuma

Ƙuma ƙwaro ne ƙarami mai duhu, mai tsalle, yana shan jini. In shi ne ya dami kyanwa, gashi ya kan zube a gadon baya, kusa da gindin wutsiya, da kuma cinyoyi. Wata kyanwar, cizo kaɗan ma ya ishe ta ƙaiƙayi na kwana da kwanaki.

Ga yadda za mu gane. Mu jiƙa farin ƙyalle, mu ɗora kyanwa a kai, mu taje ta da mataji mai ƙananan haƙora. Za mu ga baƙin gari yana zuba kamar masoro. In ya narke ya koma ja, to, kashin ƙuma ne, watau jinin da ya sha.

Ta-macen ƙuma ta kan yi ƙwai har 40 ko 50 a rana ɗaya. Ƙwan ba ya zama a jikin kyanwa. Ya kan faɗo a tabarma, da tsumma, da ƙurar ɗaki. In akwai ɗumi da laima, kamar da damina, cikin mako 2 ko 3 sun zama manya. Wanda ya kashe na jikin kyanwa ya bar na ɗaki, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Ƙuma ya kan shanye jinin 'ya'yan kyanwa har su mutu. In kuwa kyanwa ta haɗiye shi wajen lasa, ya kan sa mata tsutsar ciki. Sai mu ga waɗansu abubuwa farare kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyarta.

Na biyu: makero

Kowa ya san makero a kan yara. Kyanwa ma tana yinsa. Gashi ya kan karye, ya bar fili zagaye kamar kwabo, da ɗan furfura-furfura a kai. An fi ganinsa a fuska, da kunne, da ƙafafun gaba. Sau da yawa ba ya da ƙaiƙayi sosai. Ya fi kama 'ya'yan kyanwa da wadda yunwa ta raunana.

Abin da ke kawo shi ɗan'uwan fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Irinsa ya kan zauna a jikin gashin da ya zube, ya fi shekara bai mutu ba.

Wannan shi ne ciwon da ya fi shafarmu, domin yana kama mutum. Yaro ya rungumi kyanwa, ya kwana da ita, bayan mako ɗaya ko biyu sai a ga zobe a hannunsa, ko a wuya, ko a ka.

Amma mu yi adalci. Ba kowane makero ne ya ke fitowa daga kyanwa ba. Yara su kan ɗauka a junansu, ta hula, da mataji, da askar da ba a tsabtace ba. Korar kyanwa ba za ta raba gida da makero ba in an bar waɗannan.

Na uku: ƙazuwar kyanwa

Wannan kuwa wani ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ya kan huda fata ya shiga, ya yi ƙwai a ciki. Ta kan fara daga bakin kunne, ta bi fuska da wuya. Fata ta yi kauri, ta yi ɓawo, ta tattare. Ƙaiƙayinta ba dama. Kyanwa ta yi ta susa har jini ya fito, ta ƙi abinci, ta rame. In ba a yi magani ba ta kan mutu.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan ƙwaro mai zama cikin kunne. Alamarsa baƙin dauɗar kunne da yawan kaɗa kai.

Ƙwaron ƙazuwar kyanwa ya kan sa wa mutum ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, amma ba ya daɗewa a jikinmu. Ƙazuwar mutane daga mutum zuwa mutum ta ke yaɗuwa.

Na huɗu: rashin abincin kirki

Allah ya halicci kyanwa mai cin nama. Tuwo zalla ba ya riƙe ta. Wadda ba ta samun nama, gashinta ya kan bushe, ya tashi, ya riƙa zuba. Uwa mai shayarwa ta fi kowa bukata.

Ba sai mun yi tsada ba. Kan kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya, da guntun nama daga mahauta, da kayan cikin kaza, da dafaffen ƙwai wani lokaci, duk sun isa. A ajiye mata ruwa mai tsabta kullum. Kada a ba ta abin da ya ji albasa ko tafarnuwa, domin suna ɓata mata jini. Madara kuma ta kan sa wa manyan kyanwoyi da yawa zawo.

Na biyar: rauni da ƙuna

Muzurai su kan yi faɗa da dare. Wurin cizo ya kan kumbura, ya tara mugunya, ya fashe, gashin wurin ya zube. Da hunturu kuma kyanwa ta kan kwanta a bakin murhu, wuta ta babbake mata gashi. A wanke ƙaramin rauni da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, sau 2 a rana. In yana wari, ko ta ƙi abinci, sai malamin dabbobi.

Abin da ba za mu yi ba

A nan ne mutane da yawa su ke kashe kyanwarsu da hannunsu, da nufin taimako. Mu tuna abu biyu. Duk abin da aka shafa wa kyanwa, sai ta lashe shi. Hantarta kuma ba ta iya narkar da magunguna da yawa irin waɗanda jikin mutum ko na saniya ke ɗauka.

Kada mu shafa mata baƙin mai ko kananzir. Suna ƙona fata, suna zama dafi a ciki.

Kada mu zuba mata fiya-fiya, ko maganin feshin wake da auduga, ko ruwan wankan shanu.

Kada mu sa mata maganin ƙumar kare. Da yawa a ciki akwai sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Kada mu wanke ta da Dettol ko Izal.

Kada mu ba ta farasitamol, watau Panadol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.

Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abin da za mu yi

Da fari, mu ware ta. A sa ta a wani ɗaki ko zaure mai sauƙin shara, da abinci da ruwa da kaskon yashi don bayan gida. A hana yara ɗaukarta har ta warke. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

Na biyu, mu nemi malamin dabbobi. Akwai asibitin dabbobi a Gusau, babban birnin jiharmu tun da aka ƙirƙiro ta a 1996. Mutumin Tsafe ko Bungudu ko Kwatarkwashi ya tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, wanda ke duba shanu da awaki. A sa kyanwa a kwando mai murfi ko kwali mai huji, kada a ƙulle ta a buhu. In tafiya ta yi wuya, a ɗauki hoton wurin da waya a nuna masa. In ciwo ya gagara, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Malamin zai kankari fatar kaɗan ya duba. Ga ƙuma, akwai maganin kyanwa da a ke ɗigawa a ƙeya, inda harshenta ba ya kaiwa, sau ɗaya a wata. Ga ƙazuwa, akwai allura ko maganin ɗigawa, a kan maimaita. Allurar irin ta shanu ce, amma babbar kyanwa kilo 3 ko 4 ce kawai. In mudu ya wuce kaɗan sai a yi hasara. Don haka shi ne zai auna, ba mu ba. Ga makero, akwai na sha da na wanka, a kan yi mako 6 ko fiye. Kada mu daina don mun ga gashi ya fara tsirowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, mu tsabtace gida. A share ɗaki kullum, a tara gashi da ƙura a ƙone. A tafasa tsumman da ta ke kwana a kai, a shanya a rana. Tsohon buhu ko kwali, a ƙone shi. Daɓen siminti a goge shi da ruwan bilic, ludayi 1 cikin ludayi 10 na ruwa, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin ta koma. Yaƙi da ƙuma ya kan ɗauki kamar wata 3. In akwai wata kyanwa ko kare a gidan, a duba su duka.

Ɗan kyanwa wanda bai kai a sa masa magani ba, a taje shi kullum, a jefa ƙumar cikin ruwan sabulu. In an yi masa wanka da ruwan ɗumi, a goge shi sarai, a sa shi wuri mai ɗumi, domin sanyi na kashe su.

Lafiyar yaranmu

In yaro ya fito da makero, a kai shi ɗakin shan magani, ko babban asibitin Tsafe, ko na Bungudu, ko na Gusau. Makeron jiki ya kan ji man shafawa. Na ka kuwa sai da maganin sha na makonni, domin ciwon yana cikin saiwar gashi. Kowane yaro da hularsa da matajinsa. A roƙi wanzami ya tsabtace aska kafin ya taɓa kan yaro.

Kyanwa mai ciwo ta kan yi fushi. Ba kowace ce kyanwar Lami ba. In ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma, in kuwa ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani. Akwai allurar rigakafinsa ta dabbobi. Tun 1924 akwai ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, kusa da Jos, inda a ke yin alluran rigakafi iri iri. Mu tambayi malamin dabbobi ya yi wa kyanwarmu da karenmu. Rigakafi ya fi magani.

Kada mu yar da ita

Waɗansu in kyanwa ta yi muni sai su kai ta bayan gari su yar. Can za ta mutu da yunwa, ko ta shiga gidan maƙwabci da ciwonta. Rumbu kuma ya zama na ɓera. Malamanmu sun sha ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Sahabi Abu Huraira ma, don 'yar kyanwar da ya ke ɗauka aka yi masa wannan laƙabi. Dabbar da ta yi mana gadi tana da lafiya, hakkinta ne mu yi jinyarta. Galibin waɗannan cututtuka suna warkewa, gashi ya dawo kamar da.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa wannan darasi, musamman mata da yara, domin su ne su ka fi zama da kyanwa.

Tambayoyi

1. Wane amfani kyanwa ke yi wa manomi?
2. Yaya za mu gane kashin ƙuma?
3. Wane ciwon kyanwa ne ya fi kama yara?
4. Faɗi abu 3 da ba a shafa wa kyanwa.
5. Me za mu yi in kyanwa ta ciji mutum?

Rubuta wannan a littafinka: Tsabtar gida lafiyar mutum da dabba.