Idan mai shanyewar ɓarin jiki ya daina kula da komai

Mazauna Agege sun sha ganin haka. Magidanci ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, an kwantar da shi a Babban Asibitin Orile Agege ko LASUTH da ke Ikeja, an sallame shi. Ƙafa ta fara takawa, magana ta fara fita. Sai dai mutumin da ke isa mayankar Oko-Oba tun kafin gari ya waye yanzu yana wuni a kan tabarma. Ba ya tambayar ciniki, ba ya neman rediyo, ko jikansa aka miƙa masa sai kallo. Nan uwargida za ta fara cewa Alhaji ya sa wa kansa lalaci, 'yan'uwa su ce sammu ne daga abokan kasuwa, daga ƙarshe a sa shi a mota a kai shi gida Arewa, magani ya tsaya.

Wannan hali ciwo ne, kuma yana samun kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki. Ya bambanta da ciwon damuwa. Mai damuwa yana kuka, yana jin zafin abin da ya same shi. Wannan kuwa ko ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Abin da ya lalace shi ne hanyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da can cikinta, waɗanda ke aiki da sinadarin dofamin wajen sa mutum ya so abu har ya tashi ya yi shi.

Kumburi yana da hannu a ciki. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki tana tasowa, ta saki sinadarai irin su IL-6, shi kuma ya sa hanta ta ƙara fitar da wani furotin da ake kira CRP, wanda ake aunawa a gwajin jini. Masu bincike sun lura cewa majinyatan da waɗannan alamomi suka hau a jininsu sun fi fuskantar wannan mutuwar jiki daga baya, kuma an san kumburi yana rage aikin dofamin. Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi ya san yadda abinci da hira suke fita ransa. Kusan haka ne, sai dai wannan yana iya ɗaukar watanni.

Amma kada wani ya ɗauki takardar gwaji ya yanke wa kansa hukunci. CRP yana hawa da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙori, da sauran cututtuka masu ƙwayoyi da dama, don haka likita ne kaɗai zai iya fassara shi. Babban haɗarin ma yana kemis. Da an ji kalmar kumburi sai a je a sayo diclofenac ko ibuprofen, alhali waɗannan suna ɗaga hawan jini, suna cutar da ƙoda, suna iya jawo zubar jini ga mai shan asfirin. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, wanda Kano da Zariya suna cikinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a wurinmu. To ina hikimar ba majinyaci abin da zai ƙara shi?

Aikin iyali shi ne toshe hanyoyin da kumburi ke ƙaruwa. A riƙa juya majinyaci don gudun gyambon kwanciya. Idan yana ƙwarewa wajen cin abinci, ko fitsarinsa ya canza, ko jikinsa ya yi zafi, a koma asibiti. Kada a jira sai ya ce yana son zuwa gashi da motsa gaɓɓai, domin ba zai ce ba. A sa masa lokaci, a kama hannunsa. A raka shi masallacin unguwa, a zaunar da shi a rumfa ko na awa ɗaya.

Ranar ganin likita kuma, ku faɗa masa a fili cewa majinyacin ya daina sha'awar komai, domin shi ba zai kai ƙarar kansa ba. In kuwa baki ya sake karkacewa ko hannu ya saki, ku kira 112 ko 767 nan take.